Tsiren jatan lande a gida: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Jidda da Makka

Hausawan da ke zaune a Hijaz sun gaji sana'ar tsire kaka da kakanni, har ta kai gasasshen nama mai ƙuli-ƙuli ya shiga cikin abincin da mutanen Makka da Jidda ke alfahari da shi, suna kiransa siriya. Duk da haka, da yawa daga cikinmu hannunsu bai faɗa da gashin jatan lande ba, alhali Bahar Maliya tana nan kusa da mu kuma kasuwanni cike suke da shi. Abin da ya fi ɓata wa mutane wannan gashi shi ne ɗaukar jatan lande tamkar naman sa ko na rago, wanda ake ba shi lokaci a bakin wuta. Jatan lande wuta mai ƙarfi yake so da ɗan gajeren lokaci, kuma yawancin amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Shin cin jatan lande ya halatta?

Ya halatta a mazhabar Malikiyya wadda akasarin Hausawa suka tashi a kanta, haka kuma a wajen Shafi'iyya da Hambaliyya. Hujjarsu ita ce aya ta 96 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta farautar teku da abincinsa, da kuma hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Saboda haka ba a yanka shi. Malaman Hanafiyya ne suka yi saɓani a kansa, domin su kifi kaɗai suka halatta daga dabbobin ruwa, wasunsu suka lissafa jatan lande cikin kifi, wasu kuma ba su lissafa shi ba. Idan kuna da baƙo ɗan Pakistan ko Turkiyya ko Indiya, ya kyautu a tambaye shi kafin a ɗora masa a faranti.

A ina ake samun mai kyau, kuma a wane lokaci ya fi yawa?

A Jidda babbar kasuwar kifi da ake kira Bangala ita ce wurin da aka fi zuwa, kuma wanda ya yi sammako bayan sallar asuba shi ke samun zaɓi. Masu sayarwa a can suna ce masa jambari ko rubyan, kuma akwai masu gyara da za su ɓare maka shi a kan ɗan kuɗi kaɗan. A gaɓar gabas ta Saudiyya, inda kasuwar kifi ta Ƙadif ta yi suna, ana buɗe kamun jatan lande ranar 1 ga Agusta, ya ci gaba har ƙarshen Janairu, sannan a rufe domin a ba shi damar hayayyafa. A waɗannan watanni ne yake wadata, farashinsa kuma ya sassauta. Ban da na kamu akwai na kiwo, wanda ake samarwa a manyan tafkuna a Al-Lis da ke kudu da Jidda, kuma shi ana samunsa duk tsawon shekara. Na kamu ya fi ƙamshin teku, na kiwo kuwa ya fi zuwa da girma iri ɗaya, abin da ke sauƙaƙa gashi domin duk wanda ke kan tsinke zai nuna a lokaci guda.

Wanne ya fi, sabo ko daskararre, kuma yaya ake gane wanda ya fara lalacewa?

Daskararre mai kyau ya fi sabon da ya kwana biyu a kan tebur. Jatan lande yana saurin lalacewa fiye da yawancin kifaye, musamman idan da kansa, domin a cikin kan akwai sinadaran narkar da abinci waɗanda ke ci gaba da aiki bayan ya mutu, su sa tsokar ta yi lugub. Wanda ke zaune a Makka ko Madina ko Ɗa'ifa, wanda ba shi da tabbacin ranar da aka kamo abin da ake nuna masa, babu laifi ya sayi na firiza, muddin ɗanye ne ba dafaffe ba. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin a manyan kantuna ana sayar da wanda aka riga aka dafa, mai launin ja-ja, kuma idan aka gasa shi a karo na biyu ba ya taunuwa.

Wajen zaɓen sabo hanci ne ke fara yanke hukunci. Mai kyau yana ƙamshin ruwan gishiri ne kawai, wanda kuwa ya fara tafiya yana bugun hanci da wari mai kama da na fitsari. Bayan haka a taɓa shi da yatsa. Tsokar ta kasance da ƙarfi, ɓawon yana sheƙi ba ya yauƙi, kan kuma yana manne da jiki bai yi sako-sako ba. Baƙin tabo a gindin kai da gaɓoɓin ɓawo alama ce ta cewa ya jima da fitowa daga ruwa, ko da bai kai ga ruɓa ba. A tafi kasuwa da kula mai ƙanƙara, domin zafin Jidda ba ya ɗaga wa kifi ƙafa, kuma tafiyar awa guda zuwa Makka a bayan mota ta isa ta ɓata shi.

Wane girma ya dace da tsire, kuma nawa za a saya?

Manya ne suka dace, domin ƙanana suna bushewa kafin bayansu ya yi launin gashi. A jikin leda akan ga lambobi irin 16/20 ko 21/25, waɗanda ke nuna adadin da ke cika fam ɗaya, wato giram 454, kuma iya ƙanƙantar lambar iya girman jatan landen. Mai lamba 16/20 yana ba da kimanin 35 zuwa 44 a kilo. Wasu kamfanoni da kilo suke lissafi, saboda haka a karanta rubutun da kyau. Idan da kai da ɓawo aka saya, kusan rabin nauyin zai tafi wajen gyara, don haka kilo ɗaya ba zai wuce mutum uku ba idan shi ne babban abin da ke kan tire.

Yaya ake narkar da na firiza?

Hanya mafi kyau ita ce a sauko da shi cikin firiji tun da dare, a kwano mai rufi. Idan lokaci ya ƙure, a sa shi a leda a ƙulle, a nutsar cikin ruwan sanyi na minti 20 zuwa 30. A lura cewa ruwan famfo a lokacin zafi yakan fito da ɗumi daga tankin saman gida, don haka a jefa ƙanƙara a ciki. Ba a narkar da shi da ruwan zafi, ba a kuma barinsa a kan kanta ya narke da kansa.

A ɓare ɓawon ko a bar shi? Baƙin zaren da ke bayansa fa?

Kowanne yana da amfaninsa. Ɓawo yana kare tsoka daga harshen wuta, yana riƙe ruwan jikinta, kuma idan ya gasu yana ba da ɗanɗano mai daɗi, sai dai yaji ba ya ratsa shi sosai, masu ci kuma sai sun ɓata hannu. Wanda aka ɓare ya fi shan kayan haɗi, ya fi sauƙin ci ga yara da tsofaffi, amma kuskuren minti ɗaya ya isa ya busar da shi. A ganina, ga wanda yake koyo, hanya ta tsakiya ta fi: a cire kai da ƙafafu, a tsaga ɓawon ta baya da almakashi, a bar shi a jiki, sannan a cusa kayan haɗi ta wannan tsagar. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya ɓare gaba ɗaya ya bar wutsiya kawai domin kamawa.

Baƙin zaren da ke bayansa hanjinsa ne. Ba ya cutarwa idan ya dahu, amma a manya yakan zo da yashi da ɗan ɗaci, don haka a cire shi. Ana tsaga bayan da bakin wuƙa sama-sama, a ɗago zaren da tsinken sakace, a ja shi a hankali, sannan a ɗauraye da ruwan sanyi.

Me ake jiƙa shi da shi, kuma na tsawon wane lokaci?

A nan ne masu gashin nama suka fi yin kuskure. Nama ana iya jiƙa shi ya kwana, jatan lande kuwa minti 15 zuwa 30 sun ishe shi, musamman idan da lemun tsami ko ruwan kal a cikin haɗin. Tsami yana dafa tsokarsa tun kafin ta ga wuta, za a ga ta fara yin fari, kuma idan aka gasa ta a haka sai ta fito a bushe tana marmashewa. Saboda wannan dalili na fi son a kankare koren bayan lemun a zuba cikin haɗin, a ajiye ruwan sai an sauke daga wuta a matsa a kai.

Ga kilo ɗaya da aka gyara, haɗin da ba ya ba da kunya shi ne cokali huɗu na man zaitun ko man gyaɗa, da tafarnuwa ƙwaya shida da aka daka, da ɗanyar citta gwargwadon ɗan yatsa, da ƙaramin cokali ɗaya na kamun, da ɗaya na busasshiyar kuzbara, da rabin cokali na kurkum, da masoro da barkono gwargwadon bakin mutanen gida, sannan ƙaramin cokali ɗaya da rabi na gishiri. Mai son ɗanɗanon girkin Larabawan gaɓa yana iya ƙara garin lomi, wato busasshen baƙin lemun tsami, wanda ke ba da tsami ba tare da ya dafa tsoka ba.

Kafin a zuba wannan haɗi dole ne a tsane jatan landen sarai da tsumma mai tsabta ko takardar kicin. Jiƙaƙƙen jatan lande turaruwa yake yi a kan wuta maimakon gasuwa, domin sai ruwan da ke bayansa ya ƙone kafin ya fara yin launi, kuma kafin nan cikinsa ya riga ya wuce misali. Akwai kuma dabarar da masu girki ke yi ta barbaɗa rabin ƙaramin cokali na bekin soda tare da gishirin a kan kilo ɗaya, a bar shi a firiji na kwata awa ko rabin awa, wanda ke sa tsokar ta riƙe ruwa ta yi ƙyas-ƙyas a baki. Kada a wuce wannan awo, domin idan ya yi yawa yana barin ɗanɗanon sabulu.

Ana iya yin sa da yajin tsire da ƙuli-ƙuli kamar na gida?

Ana iyawa, kuma yana da daɗi ƙwarai, domin gyaɗa da citta suna tafiya da zaƙin jatan lande. Ba a rasa ƙuli-ƙuli da yajin tsire a wajen 'yan uwanmu masu sayar da kayan miya a unguwannin da Hausawa suka fi yawa, irin su Shara Mansur a Makka. Abin lura shi ne garin ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa a kan irin wutar da jatan lande ke buƙata, kuma ƙonannen ƙuli ɗaci yake yi. Saboda haka a shafa mai, a barbaɗa yajin sama-sama kafin gashi, a ajiye mafi yawansa sai an sauke, a barbaɗe shi da zafinsa. A kuma rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, tunda yajin tsire yakan zo da nasa, jatan lande kuma daga ruwan gishiri ya fito. Kanumfari da kimba, idan sun yi yawa a yajin, suna danne ɗanɗanonsa gaba ɗaya.

Wane irin tsinke ya fi, kuma yaya ake soke shi?

Tsinken ƙarfe mai faɗi, irin na kabab, ya fi, domin abin da aka soke ba ya juyawa a jikinsa. Idan na gora ne, a jiƙa shi a ruwa na rabin awa domin kada ya kama da wuta, kuma a yi amfani da guda biyu a jere ga kowane layi, ta yadda idan aka juya dukkansu za su juya tare. Ana soke kowane jatan lande a wuri biyu, ta kusa da wutsiya da kuma ta wajen kauri, a jera su suna fuskantar gefe ɗaya. Idan ɓararru ne, a matsa su su jingina da juna, domin hakan yana rage saurin bushewar cikinsu, yana ba bayan damar yin launi.

Albasa da tattasai da tumatir a ba su nasu tsinken daban. Suna buƙatar kusan minti goma, jatan lande kuwa kimanin rabin haka yake ɗauka, don haka haɗa su a tsinke ɗaya yana jawo ɗayan biyu, ko ɗanyar albasa ko busasshen jatan lande.

Yaya wutar za ta kasance, kuma minti nawa ake yi?

A hura gawayi a mangal, wato murhun gashi, a jira har harshen wuta ya mutu, garwashin ya yi ja, farin toka ya lulluɓe shi, abin da yakan ɗauki minti 20 zuwa 30. A tara garwashin a gefe ɗaya, a bar ɗaya gefen babu komai domin ya zama mafaka idan mai ya ɗiga wuta ta tashi. Ana gwada zafin da tafin hannu: idan aka riƙe shi kimanin tsawon yatsa a saman ragar, aka kasa jurewa fiye da daƙiƙa biyu ko uku, wuta ta yi. A goge ragar da burushi bayan ta yi zafi, a shafe ta da mai da rabin albasa da aka soke a cokali mai yatsu, domin kada tsoka ta manne.

Manya suna ɗaukar minti biyu zuwa uku a gefen farko, da minti ɗaya zuwa biyu a na biyu, masu ɓawo kuma a ƙara musu kamar minti ɗaya. Juyi ɗaya ya isa. Mai tsiren nama ya saba da jera tsinkuna a gefen wuta yana jujjuyawa yana hira da masu saye, amma a nan babu wannan sarari. Kafin a ɗora tsinken farko, a tabbata shinkafa ta sauka, tire yana kusa, mutane sun wanke hannu sun zauna, domin wanda ya shiga ciki ɗauko faranti zai dawo ya tarar aikin ya ɓaci. Man shanu da aka narkar da tafarnuwa a ciki, a shafa shi a rabin minti na ƙarshe ko bayan an sauke, domin idan aka sa shi da wuri ɗiga yake yi ya tayar da wuta mai baƙin hayaƙi.

Ta yaya zan san ya nuna?

Ido ne ma'auni. Ɗanye launin toka gare shi kuma haske yana ratsa tsokarsa, idan ya nuna sai bayansa ya koma ja-ja, tsokar ta yi fari. A duba tsagar da aka yi a bayansa ta wajen kauri, domin nan ne ke nuna a ƙarshe, kuma da zarar launin tokar ya ɓace a wurin a sauke. Siffarsa ma tana magana: wanda ya lanƙwashe kamar jinjirin wata ya yi daidai, wanda kuwa ya naɗe har kai ya taɓo wutsiya ya wuce, zai yi tauri. Mai na'urar auna zafin abinci ya nemi digiri 63 a ma'aunin Salsiyos. A tuna cewa zafin da ke jikinsa yana ci gaba da dafa shi bayan an sauke, don haka kada a tara shi a kwano a rufe.

Ba ni da fili a gidan haya. Zan iya hura gawayi a kicin ko a baranda?

A cikin ɗaki ko kicin ba a hura gawayi ko kaɗan, ko da taga a buɗe take. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma a gidajen da ake rufe ko'ina saboda na'urar sanyaya ɗaki tana taruwa da sauri, ta fara da ciwon kai da jiri, ta kai ga suma da rasa rai. Saman gida ko tsakar gida ko istiraha, wato gidan shaƙatawa, su ne wuraren gawayi, baranda kuwa sai idan a buɗe take sosai kuma mai gida da maƙwabta sun yarda. Wanda ba shi da ko ɗaya ya yi amfani da kaskon ƙarfe mai kauri, ya bar shi ya yi zafi har ya fara hayaƙi, ko kuma wutar sama ta oba, ya kusantar da tiren da ita. Lokacin gashin bai canza ba. Idan ana son ƙamshin hayaƙi, a ɗauko garwashi ƙwaya ɗaya da aka hura a waje a ƙaramin kofin ƙarfe, a ajiye a tsakiyar tiren, a ɗiga masa mai, a rufe na minti biyu, kamar yadda matan nan ke yi wa shinkafar mandi.

Da me ake cin sa?

A Jidda abokiyar tafiyarsa ita ce shinkafar sayadiyya, wadda ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi launin ƙasa, tare da miyar tsamiya da ake kira humar, da ɗahina ta markaɗaɗɗen riɗi, da dakkus mai tumatir da barkono. A irin namu kuwa, yankakkiyar albasa da tumatir da kabeji da yaji a gefe sun wadatar, da gurasa ko tamis mai zafi. Dafa-duka da soyayyar doya ko dankali ma suna karɓarsa.

Akwai waɗanda bai kamata su ci ba?

Akwai, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Jatan lande yana cikin abincin da suka fi tayar da borin jini, kuma dafuwa ba ta kashe sinadarin da ke jawo shi. Da yake da yawa daga cikin baƙinmu da ke zuwa Umara ko aikin Hajji daga Arewa ba su taɓa cin sabonsa ba, ya kamata a tambaye su ko sun taɓa samun matsala da busasshen da ake dakawa a miya, ko da ƙaguwa. Alamomin sun haɗa da ƙaiƙayi, da kumburin leɓe ko harshe, da amai, da sarƙewar numfashi. Idan numfashi ya fara wuya ko fuska ta kumbura, a kira motar asibiti nan take a lamba 997 ko 911, kada a tsaya ba da manja ko madara. Mai borin gyaɗa kuma ya nisanci wanda aka yi da ƙuli-ƙuli, mai ciwon asma ya duba jikin leda, domin wasu kamfanoni suna sa sinadarin salfait don hana baƙin tabo.

Ga sauran mutane abinci ne mai gina jiki, domin giram 100 na dafaffe yana ɗauke da furotin kimanin giram 24 da kitse kaɗan ƙwarai. Kolestarol ɗinsa yana da yawa, kusan miligiram 190 a wannan awo, don haka wanda likita ya kafa wa doka ya bi dokar, haka ma mai ciwon gaɓoɓi na gawut. Mace mai ciki tana iya ci idan ya dahu sosai, tunda yana cikin abincin teku masu ƙarancin sinadarin makuri.

Idan za a fita da shi istiraha ko bakin teku, ko kuma ya yi saura, yaya ake adana shi?

Ɗanye ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu a firiji mai sanyin digiri 4 ko ƙasa da haka. Idan za a fita da shi, a gyara shi a gida, a sa a kula tsakanin ƙanƙara, a riƙe kayan haɗin a kwalba daban, sai an hura wuta a haɗa su. Tiren da aka ɗauko ɗanye a kai ba a mayar da gasasshe a kansa sai an wanke, ragowar ruwan jiƙon kuma a zubar. Gasasshe ba ya wuce awa biyu a waje, idan kuwa zafin gari ya haura digiri 32, kamar yadda yake a mafi yawan watanni a Makka da Jidda, awa ɗaya ce iyakarsa. Wanda ya shiga firiji da wuri yana kai kwana uku, kuma ya fi daɗi a ci shi da sanyinsa cikin salak, ko a jefa shi cikin miya ko shinkafa bayan an kashe wuta.

Kawuna da ɓawon da aka cire kuma kada a zubar. A soya su a ɗan mai da albasa har su yi ja, a zuba ruwa ya rufe su, a bar su su tafasa a hankali na minti 20, sannan a tace. Da wannan romo ake dafa shinkafar da za a ci tsiren da ita, abin da ya rage kuma a daskarar da shi a ƙananan robobi domin miyar kuɓewa ko ta agushi.